SABO TURKEN WAWA

Jama'a, akwai wani irin labari da marubutan Turai da Amurka suka ƙware a kansa, wanda ba don a sa yara barci ake rubuta shi ba. Marubuci yakan ƙaga wata ƙasa ta nan gaba, ya shirya mata masu mulki da dokoki da makarantu da kasuwanni, sa'an nan ya sa kome nata ya zama mugu, har mai karatu ya ji tsigar jikinsa ta tashi. Mu mun sa musu suna littattafan mugun zamani. Mutane da yawa suna ɗaukarsu kamar aikin ɗan duba, suna ƙirga abin da ya cika da abin da bai cika ba. Mu kuwa muna ganin waɗannan marubuta ba ƙasa suka buga ba. Abin da suka gani da idonsu cikin zamaninsu suka ɗauko, suka ƙara masa girma don kowa ya gan shi sarai. Abin da suka gani kuwa shi ne yadda ake horar da ɗan'adam, kamar yadda ake horar da doki, har ya saba da linzami ya daina jin nauyinsa.

Kafin mu kai ga littattafan, sai mu fara da kare. A ƙasar Rasha an yi wani masani, Ivan Pavlov, wanda ya sami lambar Nobel a 1904 saboda bincikensa a kan narkewar abinci. Ya lura karnukansa sukan soma dalalar da miyau tun abinci bai iso ba, da zarar sun ji motsin mai kawo shi. Sai ya riƙa yin wata ƙara, ya biyo ta da abinci, yau da gobe, har ya zamana ƙarar kaɗai ta isa ta sa kare dalala ko da kwano babu kome. A 1920 wani Ba'amurke, John Watson, na jami'ar Johns Hopkins, ya gwada abin a kan ɗan mutum. Shi da mataimakiyarsa suka sami jariri wanda bai cika shekara ba, suka ba shi farin ɓera ya yi wasa, yaro kuwa bai ji tsoro ba ko kaɗan. Sa'an nan duk sa'ad da ya kai hannu, sai a buga ƙarfe da guduma a bayan kansa. Ba a daɗe ba, ganin ɓeran kawai ya isa ya sa yaron kuka, har da zomo da sauran abubuwa masu gashi. To, ku san inda wannan Watson ya ƙare: da ya bar jami'a, kamfanin talla ya kama aiki, ya yi shekaru yana koya wa masu kaya yadda za su sa mutane sha'awar abin da suke sayarwa.

Shekara goma sha biyu bayan jaririn nan, a 1932, wani Bature ɗan Ingila, Aldous Huxley, ya fito da littafinsa Brave New World. A duniyar da ya ƙaga ba a haihuwa. Cikin kwalba ake ƙyanƙyashe mutane a masana'antar gwamnati, kuma tun suna kwalba an raba su aji biyar, daga masu mulki har zuwa masu shara. Wanda aka nufa da aikin ƙarfi, sai a rage masa iskar numfashi tun yana kwalba, don ƙwaƙwalwarsa kada ta cika. Ƙwai guda ana iya tsaga shi ya ba da tagwaye har 96, duk fuska ɗaya, duk su tsaya bakin inji iri ɗaya. Ƙidayar shekarunsu ma daga Henry Ford suke farawa, mai kamfanin motar nan na Amurka wanda ya sa kowane lebura ya tsaya wuri ɗaya yana ɗaure ƙusa ɗaya daga safe har yamma.

Akwai wani wuri cikin littafin da muke so mu daɗe a kansa. An kawo jarirai 'yan wata takwas, na aji na huɗu, an sa musu kaki, aka ajiye su a ƙasa. A gabansu aka jera furanni da littattafai masu hotuna. Yara suka rarrafa da murna, suka kai hannu. Sai aka saki ƙara mai firgitarwa, aka kuma saki lantarki ta ƙasan ɗakin ta ja su. Shugaban wurin ya yi bayani cewa in an maimaita haka sau ɗari biyu, yaran nan za su girma suna ƙin littafi da fure har ran mutuwarsu, su kuwa za su zaci halinsu ne aka haife su da shi. Na littafi ba ya bukatar bayani, gama lebura mai karatu yana iya yin tambaya. Amma ina laifin fure? To, nan ne Huxley ya nuna ya san kasuwa. Fure da inuwa da kallon daji kyauta ne. Mutumin da ya zauna gindin itace yana jin daɗi bai sayi kome ba, bai sa inji ko ɗaya ya juya ba. Saboda haka aka cire musu son daji, aka dasa musu son wasanni masu bukatar kaya masu tsada. Da dare kuma, suna barci, wata murya tana raɗa musu a ƙarƙashin matashi, sau dubbai, cewa su gode da ajin da aka sa su, kuma jefar da tsohuwar riga ya fi ɗinke ta. Wanda ransa ya ɓaci duk da haka, akwai wata ƙwaya ana kiranta soma, gwamnati ke rabawa bayan tashi aiki, ya haɗiya ya manta.

Ku lura, 'yan'uwa, a ƙasar nan tasu ba a dukan kowa a kan titi. Kowa ya ƙoshi, kowa yana dariya. Icce ne aka tanƙwara tun yana ɗanye, ya bushe a haka, shi kuwa yana ganin shi ne miƙaƙƙe. Mutum ɗaya da ya zo daga waje, ya ga abin da idon baƙo, ya kasa zama cikinsu, ƙarshensa rataye kansa ya yi.

Na biyu shi ne George Orwell, wanda sunansa na yanka Eric Blair. Shi ya san bulala ta ɓangaren mai riƙe ta, gama daga 1922 zuwa 1927 ɗan sandan mulkin mallaka ne a Bama, ƙasar nan da sojojin Afirka ta Yamma suka je yaƙi daga baya, ya kuwa bar aikin yana ƙyamarsa. Ya tafi yaƙin basasar Sifen, inda harsashi ya huda masa wuya a 1937, inda kuma ya ga jaridu suna ba da labarin yaƙe-yaƙen da ba a yi ba, suna ɓoye waɗanda aka yi. Littafinsa Animal Farm na 1945 shi ne wanda Bala Abdullahi Funtuwa ya mayar da Hausa da sunan Gandun Dabbobi, waɗansunku sun karanta shi a makaranta. Na ƙarshe kuwa, mai suna 1984, ya rubuta shi a wani tsibiri na Sikotilan yana fama da tarin fuka, ya fito a watan Yuni na 1949, shi kuma ya rasu a Janairu na 1950 yana da shekara 46.

Abin da kowa ke tunawa cikin 1984 shi ne Babban Wa, da allon nan da ke cikin ɗakunan 'yan jam'iyya, mai magana kuma mai gani, wanda ba a iya kashe shi. Amma ku 'yan kasuwa, ga wurin da ya fi dacewa da ku. Jarumin labarin, Winston Smith, akawu ne a Ma'aikatar Gaskiya, aikinsa kuwa shi ne ya ɗauko tsofaffin jaridu ya gyara su don su dace da ƙaryar yau, a ƙone na asali. Wata rana aka sanar an rage rabon cakulan na mako daga giram 30 zuwa 20. Kashegari sai aka sanar jama'a sun fito titi suna gode wa Babban Wa saboda ya ƙara rabon cakulan zuwa giram 20. Winston ya duba mutanen da ke kewaye da shi, ya ga sun haɗiye maganar ba tare da ruwa ba. Ku da kuke awo kun san wannan sarai. In an ƙanƙance mudu an bar kuɗi yadda yake, mai saye ba ya iya kama mai awo sai in yana da tsohon mudu a gida. To, aikin Winston shi ne fasa tsofaffin mudaye.

Kada wani ya ce wannan ƙirƙira ce kawai. A watan Agusta na 1939 Sitalin ya ƙulla yarjejeniya da Hitila, jaridun da jiya suke tsine wa Jamus suka yi tsit dare ɗaya. A Yuni na 1941 Jamus ta auka wa Rasha, aka sake juya baki. Bayan Orwell ya rasu ma abin ya ci gaba. A 1953 aka kama Beria, shugaban 'yan sandan ciki na Rasha, aka kashe shi. Babban kundin ilmi na gwamnati kuwa ya riga ya buga shafi na yabonsa. Sai aka aika wa duk masu kundin da sababbin shafuka, aka ce su yanke na Beria su liƙa waɗannan, masu ƙarin bayani a kan tekun Bering. Abin da ya ba mu mamaki a nan shi ne ba ɗan sanda aka aika gida gida ba. Almakashi da reza na mai gida aka dogara a kansu.

Haka kuma zancen harshe. Cikin littafin akwai masana da aka ba aikin rage kalmomi kowace shekara, da nufin a kai ranar da mutum ko yana son ya yi tunanin tawaye ba zai sami kalmar da zai yi shi da ita ba. Ma'aikatar da ke azabtar da mutane sunanta Ma'aikatar Ƙauna, mai yaƙi kuwa Ma'aikatar Salama. Bayan 2001 hukumomin Amurka sun riƙa shaƙe fursunoni da ruwa, suna kiran abin ingantacciyar hanyar tambaya. A Maris na 2022 Rasha ta kafa doka mai ɗaurin da ya kai shekara 15 ga wanda ya faɗi abin da hukuma ta kira ƙarya game da sojojinta, yaƙin da ta kai Yukuren kuwa aka ce sunansa aikin soja na musamman. Gabas da yamma, duk kanwar ja ce. In aka sake wa kura suna aka ce da ita tunkiya, aka yi ta faɗa safe da yamma, wata rana wani zai buɗe mata garke da hannunsa.

Wuri mafi ɗaci cikin 1984 a wurinmu shi ne na maƙwabcin Winston, wani bawan Allah mai suna Parsons, wanda ba shi da abin so kamar jam'iyyar mulki. 'Yarsa mai shekara bakwai ta kasa kunne a ƙofa, ta ji shi yana zagin Babban Wa cikin barci, ta kai ƙara. Winston ya same shi a kurkuku, ga shi yana rawar jiki don tsoro, amma yana alfahari wai ya ba yarinya tarbiyya mai kyau. Rasha ta yi irin wannan yaro tun 1932, Pavlik Morozov, wanda gwamnati ta yaɗa labarin ya kai ƙarar ubansa, aka yi masa gumaka, aka sa yara su yi koyi da shi. A Jamus ta Gabas, ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 17 ba, hukumar leƙen asiri ta Stasi tana da ma'aikata wajen 91,000 a 1989, ban da 'yan rahoto na ɓoye fiye da 170,000. Da aka buɗe takardunta a 1992, mutane suka je karanta abin da aka rubuta a kansu, wani ya tarar amininsa ne, wata ta tarar mijinta ne da suke kwana ɗaki ɗaya. Sa'ad da abu ya kai haka, ba a bukatar ɗan sanda a kowace ƙofa, gama kowa ya riga ya kafa nasa a cikin kansa, yana auna magana kafin ta fito ko da shi da matarsa ne.

Huxley ya taɓa koyar da Faransanci a makarantar Eton sa'ad da Orwell yake ɗalibi a can. Da 1984 ya fito, ya rubuta wa tsohon ɗalibinsa takarda a Oktoba na 1949, ya yaba, amma ya ce a ganinsa masu mulki za su gane horon jarirai da ƙwaya sun fi kulki da kurkuku sauƙi da araha. Tun daga nan masu karatu ke gardamar wa ya fi gaskiya. Mu muna ganin gardamar ba ta da riba. Mai jaki yana da sanda, yana kuma da dusa, wanda ya fi aiki ranar nan shi yake ɗauka. Orwell da kansa ya san haka, shaidarmu kuwa ita ce yadda ya kwatanta talakawan ƙasar tasa.

Ku saurara da kyau, gama wannan namu ne. A ƙasar 1984 kashi 85 cikin ɗari talakawa ne, kuma su yawancinsu ba a ma damu da sa musu allon nan mai gani ba. 'Yan jam'iyya da akawuna su ne ake tsaro dare da rana. Talaka an sake shi. An bar masa aikin ƙarfi, da giya, da ƙwallo, da majigi, da faɗan maƙwabta, da waƙoƙin da inji ke shirya masa ba da hannun mutum ba. Sama da duka an ba shi cacar tikiti ta mako mako. Mutumin da da ƙyar yake karatu, sai ka same shi yana riƙe da lambobin cacar shekaru a ka, yana lissafi mai wuya, yana gardama kamar zai yi dambe. Manyan kyaututtukan kuwa babu su, sunayen waɗanda suka ci ƙirƙira ce, ƙananan kawai ake biya. Wanda ya nuna alamar kaifin hankali a cikinsu, 'yan rahoto kaɗan sun isa su gano shi a kau da shi. Winston ya tabbata cewa in mutanen nan suka motsa, za su karkaɗe gwamnati kamar yadda doki ke karkaɗe ƙuda. Wata rana ya ji ihun ɗaruruwan mata a kasuwa, zuciyarsa ta buga, ya zaci ranar ta zo. Da ya isa, ashe tukwane ne aka kawo suka ƙare, mata biyu suna kokawa a kan guda har marfin hannunta ya cire.

Ba mu ce Orwell ya yi wa talaka adalci duka ba. Ɗan Eton ne, ko da ya zauna da matalauta a Landan da Faris ya wanke kwanuka tare da su, akwai inda yake kallon talaka daga nesa, kamar garke. Amma dabarar da ya tona gaskiya ce, ba kuma sai da mugun sarki take aiki ba. Wani masanin Amurka, B. F. Skinner na jami'ar Harvard, ya gwada tantabaru, ya gano in ana ba tantabara tsaba duk sa'ad da ta caki maɓalli, da an daina sai ta bari nan da nan. In kuwa wani lokaci a ba ta, wani lokaci a hana, ba ta san yaushe ba, sai ta yi ta caka ba ji ba gani. A kan wannan aka gina injin caca. A kansa kuma aka gina abin nan da ke cikin aljihun kowa yau. Mutum ya ja allon wayarsa da yatsa, wani lokaci ya sami abin dariya, wani lokaci abin fushi, wani lokaci babu, sai ya sake ja, har ciniki ya wuce shi a bakin rumfa.

A Janairu na 2012 kamfanin Facebook ya yi gwaji na mako guda a kan mutum 689,003 ba da saninsu ba. Waɗansu aka rage musu labarai masu daɗi, waɗansu aka rage musu masu baƙin ciki, don a ga ko abin da su kansu ke rubutawa zai bi sawu. Ya kuwa bi, ko da yake kaɗan ne, ba a kuma ji labarin ba sai 2014. A 2013 Edward Snowden ya fallasa yadda hukumar tsaron Amurka ke tattara bayanan kiran wayar miliyoyin mutane. A 2018 aka ji kamfanin Cambridge Analytica ya sami bayanan mutanen Facebook da adadinsu ya kai miliyan 87, ana auna halin mai zaɓe don a san maganar da za ta kama shi. Allon Orwell dole aka kafa shi a bango. Wannan kuwa da kuɗinmu muka saya, mu muke ba shi wuta kowane dare, in ya ɓata ba ma iya barci. Abin dariya mai kama da kuka ma ya faru a Yuli na 2009, sa'ad da kamfanin Amazon, saboda rikicin haƙƙin bugawa, ya shiga na'urorin karatu na mutanen da suka riga suka biya, ya share musu littafi daga nesa. Littafin da aka share, 1984 ne da ɗan'uwansa na dabbobi.

Ray Bradbury na Amurka, cikin littafinsa na 1953, ya ƙaga ƙasar da 'yan kwana-kwana ke cinna wuta maimakon kashewa, littattafai suke ƙonewa. An riga an yi haka a Balin ran 10 ga Mayu, 1933, ɗalibai suka tara dubban littattafai suka banka musu wuta. Amma shugaban 'yan kwana-kwanan labarin ya gaya wa yaronsa asirin: jama'a da kansu suka fara barin karatu, suka koma ga allunan bango, doka daga baya ta zo ta tarar da gida babu kowa.

To, wani mai hankali zai tsai da mu ya ce, ai littattafan nan su ma makami ne. Gaskiya ya faɗa, ba kuwa za mu ɓoye ba. Wani sashe na ɓoye a ma'aikatar harkokin waje ta Ingila, wanda aka kafa a 1948, ya ba da kuɗi an fassara Animal Farm cikin harsuna da yawa don yaƙar gurguzu. Majigin zane da aka yi da shi a 1954, kuɗin hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, na ciki, har aka sake masa ƙarshe. Orwell da kansa, a 1949 yana kwance asibiti, ya miƙa wa sashen nan sunayen mutum 38 waɗanda ya ce kada a amince da su a aikin farfaganda, ba a kuwa bayyana takardar ba sai 2003. Mutumin da ya rubuta labarin Parsons ke nan. Haka kuma kowace gwamnati tana son a karanta 1984 a ga hoton abokiyar gabarta, kamar mai ɗaukar madubi yana haska fuskar maƙwabci. Duk wannan bai ɓata littafin ba a wurinmu. Ma'auni ko a hannun ɓarawo aka same shi, in dutsensa daidai ne, ana iya auna kayan ɓarawon da shi. Gwamnatocin gurguzu kuwa sun san zafinsa, shi ya sa suka hana shi. Ɗan ƙasarsu Yevgeny Zamyatin, wanda ya riga su duka, ya rubuta labarin mutanen da ke zaune cikin gidajen gilashi, masu lamba maimakon suna, tun wajen 1921, amma ba a buga shi a Rasha ba sai 1988, shekara hamsin da ɗaya bayan ya mutu a Faris.

Inda muka rabu da marubutan nan shi ne ƙarshen labarunsu. Winston an kai shi ɗaki mai lamba 101, aka kawo kejin ɓeraye kusa da fuskarsa, ya ba da masoyiyarsa, ya fito yana ƙaunar Babban Wa har zuci. Na Zamyatin an yi masa fiɗa a ka an cire masa tunani. Na Huxley ya rataye kansa. Mai karatu yana iya rufe littafi ya ce ashe babu mafita, ya koma ya kwanta, wannan kuwa shi ma wani horon ne. Amma masanan da aka ɗauko dabarar a wurinsu sun ga wani abu dabam. Pavlov ya tarar in aka yi ta yin ƙara ba a kawo abinci ba, miyan kare yakan ragu har ya tsaya. Watau sabo yana bukatar ciyarwa kullum, shi ya sa mai farfaganda ba ya hutawa.

A 1951 Solomon Asch ya zaunar da mutum cikin waɗansu da aka riga aka haɗa baki da su, aka nuna musu layuka a takarda, aka ce wanne ne daidai da wanne. Amsar a fili take, amma duk suka faɗi ƙarya da gangan. Wajen uku cikin huɗu na waɗanda aka gwada sun bi ƙaryar aƙalla sau ɗaya, suna ganin gaskiya da idonsu. Amma da aka sa mutum ɗaya tak cikin taron ya faɗi gaskiya, bin ƙaryar ya faɗi warwas. A 1961 Stanley Milgram na jami'ar Yale ya sa mutane suna danna maɓalli, suna zaton lantarki suke sakar wa wani a ɗaya ɗakin, yana ihu, wani mai rigar masana yana ce musu su ci gaba. Mutum 26 cikin 40 sun bi umurni har maɓallin ƙarshe. Da ya sake gwajin, ya sa mutum biyu a gefe suka ƙi a gaban wanda ake gwadawa, 4 kaɗai cikin 40 suka kai ƙarshe. Wannan ne ya sa Babban Wa ya fi tsoron mutum biyu su amince da juna bisa ga bindiga, ya sa yara su tsare iyaye, miji ya tsare mata.

Jamus ta Gabas ɗin nan mai 'yan rahoto fiye da 170,000, ga yadda ta ƙare. A birnin Leipzig mutane sun saba taruwa kowace Litinin a wata majami'a, 'yan kaɗan kaɗan, shekara da shekaru. Ran 9 ga Oktoba, 1989, aka jibge sojoji da 'yan sanda, jita-jita ta cika gari cewa za a yi harbi. Mutum wajen 70,000 suka fito da kyandir a hannu, kowa ya duba ya ga ashe maƙwabcin da yake jin tsoro shi ma yana nan. Ba a yi harbin ba. Wata guda bayan haka, ran 9 ga Nuwamba, aka buɗe katangar Balin. Ma'aikatan Stasi suka shiga lalata takardu dare da rana, injunan yanka takarda suka ƙone don yawan aiki, suka koma yagewa da hannu, har jama'a suka kutsa ofisoshinsu suka tsai da su. An tarar da wajen buhu 16,000 na yagaggun takardu, a 1995 kuma aka zaunar da ma'aikata suna haɗa su ɗaya bayan ɗaya, don kowa ya zo ya karanta abin da aka rubuta a kansa da wanda ya rubuta.